Wanzamin Jamus da Zabirar Gidanmu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya kai ni ya kuma dawo da ni lafiya. Tun da na dawo daga Doha ban samu na zauna a dakalin ƙofar gida na sha iska ni kaɗai ba. Wannan ya zo ya ce, "Malam Isiyaku, da gaske ne jirgin ƙasarsu ba shi da direba?" Wancan ya ce, "Ka ga ƙwallon da idonka?" Na maimaita har bakina ya gaji, kuma kowa gutsure yake samu. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga tushe, wanda ya sake tambaya a karanta masa.

Ni wanzami ne a Kazaure, ɗan wanzami, jikan wanzami. Na yi karatun allo da na littattafai gwargwadon abin da Allah ya hore, amma aska ce ta ciyar da ni. Akwai gidajen da tun zamanin kakana mu ne muke yi musu askin suna da kaciya da ƙaho. In an haihu a cikinsu, kafin dangi na nesa su ji an riga an aiko gidanmu. Ɗana namiji ɗaya ne. Sunan mahaifina aka sa masa, don haka ban taɓa kiransa da shi ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Abba muke ce masa. Ya koyi aska a hannuna tun yana ƙarami, hannunsa ma ya fi nawa laushi. Amma da ya shiga makarantar boko yara suka sa shi gaba da "Ɗan wanzam, zo ka yi mana ƙaho," har ya tsani abin. Da ya tashi yin fasfo sai ya sa Kazaure a bayan sunansa, ya bar Wanzam da aka rubuta masa a firamare. Ya koyi tuƙi, ya tafi Qatar ana saura kaɗan korona ta shigo.

A cikin koronar nan mahaifiyarsa ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ban ce cutar ce ba, Allah ne masani, amma a lokacin ne tsofaffi suka yi ta tafiya. An rufe hanyoyin sama, shi kuma an kulle su a masaukin ma'aikata. A waya aka nuna masa makara tana fita. Bayan haka hannuna na dama ya fara rawa. Da farko sai in na gaji, daga baya ko ban gaji ba. Kan babba ina iya lallaɓawa, amma kan jinjiri ɗan kwana bakwai ba wurin lallaɓawa ba ne.

Sarkin Aska na garinmu abokina ne tun ƙuruciya. Ya kira ni ya ce, "Isiyaku, gidajen nan ba za su jira hannunka ya warke ba. Ka tambayi yaronka. In zai karɓi zabirar mahaifinka, sai ɗan ƙaninka ya riƙe masa gidajen amana har ya dawo. In ba zai karɓa ba, sai a raba su ga wasu, magana ta ƙare." Na ce irin wannan ba a waya ake tambayarta ba.

Sai ga gasar ƙwallon duniya ta zo Qatar. Abba ya bugo ya ce an rufe bizar ziyara, ba mai shiga sai mai tikitin kallon wasa, amma ya samo mini ɗaya, da shi za a ba ni katin shiga. Ni da ban taɓa zama na kalli ƙwallo ba, ko a akwatin talabijin na mai shayi, ga shi sai da ƙwallo zan ga ɗana. Na ce Allah mai iko.

Daga Kazaure zuwa Kano a motar haya na zo, zabira a hammata kamar kullum. Wanzami ba ya barin zabirarsa a bayansa, ko masallaci zai shiga a gabansa yake ajiye ta. Don haka da aka karɓi jakar kayana a filin jirgi ban ko yi tunanin haɗawa da ita ba. Sai da na zo wurin da ake bi ta ƙofar ƙarfe, wani ma'aikaci ya ce, "Baba, mene ne wannan a hammatarka?"

Na ce, "Zabira ce."

Ya buɗe ta a kan tebur. Ya jera askake, ya jera ƙahoni, ga almakashi, ga hantsaki, ga dutsen washi. Ya dube ni ya dubi katin da ke rataye a wuyana. "Baba, ƙwallo za ka ko yaƙi?"

Abokin aikinsa ya leƙo, ya ja da baya yana dariya. "Kai, rufe ta! Ɗan'uwansa ne ya yi mini kaciya. Har yau in na ga irin jakar nan sai ƙafafuna su yi sanyi."

Suka ce aska ba ta shiga inda fasinja suke, ko ta kakan waye. Amma sun yi mini kirki. Suka nemo kwali, aka naɗe ta, aka bi da ita cikin kaya. Tun da jirgi ya tashi har ya sauka ina kai hannu hammata ina jin wayam. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta zaci ciwon zuciya ne, har ta kira mai raba abinci.

A Doha ma sai da aka buɗe kwalin. Wani saurayin Balarabe ya ɗaga ƙaho yana juya shi. Na tattaro Larabcin littafi na ce masa kayan hijama ne, sunnar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Larabcin nawa ya ba shi dariya, amma ya shafa ƙeyarsa ya ce kakarsa ba ta yarda da wani magani sai shi. Ya mayar da komai da hannunsa. "Yalla, ya hajj. Khalas," in ji shi, wato in wuce, an gama.

Abba na tsaye a waje cikin taron masu tutoci da ganguna. Ya rame, ya yi gemu. Da ya gan ni sai ya durƙusa a nan tsakiyar mutane, kamar a zauren gida. Na dafa kansa na ce, "An gode Allah." Muna cikin haka wani direba abokin aikinsa, baƙin mutum daga Kenya, ya ƙwala masa kira daga nesa da sunan mahaifina, gatsal, ba ko Malam. Duk zamana a garin ban saba da wannan ba. Kowa haka yake kiransa.

Da ya ɗauki kwalin ya ji nauyinsa, ya ce, "Baba, me ke ciki?"

Na ce, "Ka sani."

Ya sa shi a bayan mota ya rufe.

Shi a ɗakin kamfani yake kwana, su da yawa, gado a kan gado, da 'yan Nepal da 'yan Kenya, kuma ba a sauke baƙo a can. Don haka ya kai ni unguwar Mesaimeer, gidan wani Alhaji Tanko, mutumin zangon Kumasi a Ghana, wanda ya daɗe a ƙasar yana aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yana zaune da iyalinsa. Mutum ne gajere mai yawan dariya. Kafin in cire takalmi ya fara.

"Malam, sannu da zuwa! Kun zo kallon mu ke nan? Ai mu muka rufe muku ƙofar shiga gasar nan, ku 'yan Nijeriya. Ba komai, ku zauna a bayanmu ku koya."

Na ce, "Alhaji, ni ban san ma an yi ƙofar ba."

"To shi ke nan, ka huta da baƙin ciki. Shigo, matana ya dafa maka abinci."

Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne. Da farko ina ta waige-waige ina neman namijin da ya yi girkin. Abincin kuwa wake da shinkafa ne da aka dafa da karan dafi har ya yi ja, ga wani baƙin yaji mai kifi da suke ce wa shito. Na ci da hawaye, amma na ƙara. Na ci shinkafar Larabawa ma mai nama da busasshen lemon tsami, na kuma kamu da son shayinsu mai kauri da ake ce wa karak, wanda a bakin titi ake miƙo wa mutum ta tagar mota. Wani abin da ya faranta mini rai shi ne duk allon da ke kan hanya ina iya karanta shi. A gida in na shiga asibiti sai an karanta mini ƙofa. A can kuwa baƙaƙen Larabci da na sani ne a ko'ina, har a jikin kwandon shara.

Ranar wasan Ghana Alhaji Tanko ya sa ni a jirgin ƙasan nan. Da gaske ne ba shi da direba, na je har gaba na duba, gilashi ne kawai. A filin kuwa sanyi ke fitowa daga ƙarƙashin kujera, sai da na naɗe ƙafafuna da darduma. Ban gane su waye namu ba. Da na ga ƙwallo ta shiga raga, filin ya ɗauka, sai na miƙe na ce, "Masha Allah!" Ashe Ghana aka ci. Alhaji Tanko bai sake yi mini magana ba sai a jirgi, inda ya ce, "Malam, da ma na san ɗan Nijeriya ba ya son mu da alheri."

Duk wannan ana yi, maganar da ta kawo ni tana nan a kwali a ƙarƙashin gado. Abba yana tuƙi ne a wani otal a Lusail, kuma a lokacin gasar ba su da hutu. Yakan zo bayan la'asar in ya samu sarari, ya kawo mini dabino ko lemo, mu yi hirar gari, wa ya yi aure, wa ya rasu. Mahaifiyarsa kaɗai ba ya ambata. In na ce, "Akwai maganar da Sarkin Aska ya ba ni," sai ya duba waya. "Baba, aiki ya yi yawa. Bari a rage baƙin nan." Ranar komawata kuma tana matsowa.

Rannan ya zo ya ce in sa babbar rigata. Akwai wani tsoho Bajamushe da otal ya ba shi ya riƙa tuƙawa saboda ciwon gwiwa. An fitar da ƙasarsu tun zagayen farko, amma bai tafi ba. Ya ji mahaifin direbansa yana gari, ya ce lallai a zo da ni mu sha shayi a tsohuwar kasuwa.

Dogon mutum ne mai sanda. Abin da idona ya fara kamawa, idon sana'a, shi ne kansa. Farin gashi har kafaɗa an ɗaure da roba, gemu kuma ya yi buzu-buzu ba gyara, a jikin mutumin da rigarsa ta sha guga, takalminsa na ƙyalli. Na ce a raina wannan ba ƙazanta ba ce, wani abu ne.

Muka zauna, Abba a tsakiya yana fassara. Tsohon ya ce sunansa Bader, shi malamin makarantar yara ne da ya yi ritaya. Ya tambayi aikina. Na ce wa Abba, "Gaya masa." Ban iya Turanci ba, amma na san kalmar ticha, kuma ita na ji ta fito daga bakin ɗana. Tsohon ya yi murna ya sake ba ni hannu. Na karɓa, na kurɓi shayina. Ba ƙarya ba ce tsagwaronta, ina koyar da yaran unguwa bayan asuba. Amma na ji ta a ƙirji.

Sai ya lura ba na kiran Abba da sunan da shi yake kiransa. Ya tambayi dalili. Na ce sunan mahaifina ne, a wurinmu ɗa ba ya kama sunan uba. Ya jinjina kai ya daɗe. Ya ce su kuwa kullum suna kiran sunan kakanninsu, amma yawancinsu ba su san me yake nufi ba. Na ce wane irin suna ne mutum zai ɗauka bai san ma'anarsa ba? Nan fa bakinsa ya buɗe, malami ya samu ɗalibi.

Ya ce a da can su ma suna ɗaya kowa yake da shi. Da garuruwa suka cika, aka samu Hans da yawa a unguwa guda, kamar yadda muke da Muhammadu, sai aka fara laƙaba wa kowa abin da za a gane shi. Wani da sunan ubansa, wani da inda gidansa yake, bakin rafi ko gindin dutse. Wani da siffarsa: Klein gajere ne ko ƙarami, Lange dogo, Schwarz baƙi. Na ce ai mu ma muna da Dogo da Gajere da Jatau. Ya ce bambancin shi ne nasu ya manne wa zuriya, sai ka ga ƙato ya cika ƙofa ana ce masa Gajere saboda wani kakansa da ba wanda ya san kabarinsa.

Amma mafi yawa, in ji shi, daga sana'a ne. Müller mai niƙa ne, kuma ya fi kowane suna yawa a ƙasarsu. Schmidt maƙeri. Schneider maɗinki. Weber masaƙi. Fischer masunci. Yana faɗa yana nuna masu shaguna da sandarsa, ni kuma ina faɗin na Hausa, yana maimaitawa yana karya su, muna dariya. Matarsa kafin aure Gerber ce, wato majemi. Na ce to unguwannin Kano kuka kwashe kuka sa wa mutane. Na ce masa a wurinmu in an ce wa mutum Maƙeri, to ka je gidansa ka tarar da zuga-zugi. Ya ce a wurinsu sai ka tarar da likita ko mai tuƙa jirgin sama.

Na ce, "To shi naka fa?"

Bai jira Abba ya gama fassara ba. Ya jingine sanda. Ya kama haɓarsa da hagu, ya ja ɗan yatsan dama a kan kumatu daga sama zuwa ƙasa. Sannan ya dunƙule hannu ya kifa a ƙeyarsa, ya tsuke baki ya ja iska.

Na ajiye kofi. Ban buƙaci tafinta ba. Na ce, "La ilaha illallahu! Abba, wannan ai wanzami ne!"

Tsohon yana ta bayani, Abba kuwa muryarsa ta yi ƙasa, sai da na ce ya ɗaga. Tsohon ya ce a da wanda ake ce wa Bader shi ne mai gidan wanka na gari. Shi ke aski, shi ke ƙaho, shi ke cire haƙori, shi ke duba miki. Kowa na buƙatarsa, amma a wasu garuruwa ana raina shi, har masu sauran sana'o'i ba sa karɓar ɗansa koyon aiki. Ya ce shekaru ɗaruruwa ke nan ba wanda ya riƙe aska a gidansu. Bai taɓa ganin ƙahon da idonsa ba sai a zane. Sunan kaɗai ya rage musu.

Ya ga yadda fuskata ta canza, ya tambayi Abba me na ce. Abba ya sunkuyar da kai yana kallon tebur. Ban matsa masa ba. Can sai ya ɗago ya yi magana mai ɗan tsawo da Turanci. Ban ji ticha a ciki ba. Na ga tsohon ya buɗe baki, ya dube ni, ya dubi hannuwana. Sannan ya miƙe da ƙyar a kan gwiwar nan tasa, ya cire hularsa ta rana, ya rungume ni a tsakiyar kasuwa.

Da ya zauna ya taɓa gashinsa ya gaya mana. Lokacin kulle an rufe shagunan aski a ƙasarsu, sai matarsa ta riƙa yi masa da almakashin ɗinki, a kicin, tana yi tana yi masa tsiya cewa jikan wanzamai ne bai iya ko gyara gashin baki ba. Ita ce ma ta tono masa tarihin sunan a zaman kullen. Sai cutar ta kama ta. Ba a bar shi ya shiga asibitin ba, ta bayan gilashi ya gan ta. Tun askinta na ƙarshe bai bari kowa ya taɓa kansa ba.

Abba ya fassara har zuwa gilashin, sai ya dakata. Ya juya fuska wajen shagon turare. Na ce, "Gaya masa ni ma tawa ta tafi a shekarar. Gaya masa kai ma ta gilashin waya ka gani." Ya gaya masa, hawaye na bin gemunsa. Wannan ne karo na farko da muka yi maganarta ni da Abba. Shayi ya huce a gabanmu mu uku.

Can sai tsohon ya dube ni. Ya ce in ba zai zama rashin kunya ba, yana so wanzami na gaske ya yi masa aski kafin ya koma gida.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka kawo shi gidan Alhaji Tanko. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. A gida wanda ake yi wa aski a ƙasa yake zama, amma saboda gwiwa aka ba shi kujerar tsugunno ta matar gidan. Na fasa kwali na fito da zabira. Ya karɓi ƙaho da hannu biyu yana juya shi kamar an ba shi jinjiri. Alhaji Tanko ya ce, "Malam, a yi a hankali fa. In ka yanka Bature, kafil ɗina, Balaraben da ya tsaya mini a ƙasar nan, zai ji, mu duka sai Kumasi."

Na rage gashin da almakashi, na jiƙa, na sa sabulu, na wasa aska. Na yi bisimilla na fara daga tsakiyar kai. Layi na farko ya fita sumul. Na biyu ma. Da na gangaro wajen kunne sai hannun ya fara abinsa. Na ɗaga aska na jira ya lafa. Bai lafa ba. Fatar tsoho kuwa siririya ce kamar ta jinjiri. Na tsaya da aska a sama, rabin kai fari, rabi sabulu, ban san abin da zan ce wa baƙon ba.

Ban kira Abba ba, Allah ne shaida. Ji na yi kawai an kama wuyan hannuna daga baya. Ya ce, "Kawo, Baba." Ya naɗe hannun rigar kamfani. Ya gwada kaifin a bayan farcensa, bai gamsu ba, ya ƙara wasawa. Ya dafa kan da yatsu uku, ya ja fatar, ya sa aska. Shekarun nan duka hannun bai manta komai ba. Na koma gefe na zauna a tabarma ina riƙe da ƙwaryar ruwa, kamar yadda shi yake riƙe mini a da. Tsohon ya rufe ido, hawaye na gangarowa cikin sabulu, Abba yana sharewa da babban yatsa yana ci gaba.

Da aka gama aka ba shi madubi. Ya daɗe yana kallo. Ya ce da matarsa ta ga wannan da ta ce yanzu ya yi kama da sunansa. Ya ɗebi ɗan gashin a hankici ya sa a aljihu, sauran na ce a haƙa rami a binne kamar yadda muke yi. Kafin ya tafi na rubuta masa sunansa da ajami a bayan katin otal, na rubuta wanzam a ƙarƙashi, don ya ce yana so ya nuna wa 'yarsa.

Abba ya kai shi ya dawo kafin magariba. Ya tarar ina goge askake. Ya zauna a gabana.

"Baba, na san abin da Sarkin Aska ya aiko ka da shi. Ba zan iya dawowa yanzu ba. Akwai sauran kwantiragi, kuma ban san ko in na dawo zan zauna a kan tabarma kamar kai ba. Ba zan yi maka alkawarin da ban tabbatar ba."

Na ce, "Ban zo karɓar alkawari ba. Tambaya ɗaya ce. In koma da ita, ko in bar ta?"

Ya daɗe yana kallon zabirar. Fatarta ta yi baƙi saboda hannuwa. Ya jawo ta ya ɗora a cinyarsa. Sannan ya ce, "Cire hularka, Baba. Kanka ya yi yawa, kunya nake ji a ce uban wanzami ne."

An ce wanzami ba ya son jarfa, kuma gaskiya ne, ban taɓa sakin jiki a ƙarƙashin askar wani ba. Ranar na saki. Yana yi yana tambayata abin da mahaifiyarsa ta ce a kwanakinta na ƙarshe, ina gaya masa. Da na zo inda ta ce a gaya masa ta yafe masa duniya da lahira, sai na ji zafi kaɗan a bayan kunne. Ya ce, "Subhanallahi, Baba, na yanke ka." Na ce ci gaba.

Na dawo da jakar kaya kaɗai, da dabino da turare na tsaraba. Washegarin saukata na tafi wurin Sarkin Aska, na tarar da shi da mutane a zaure. Ya dubi hammatata ya ga ba komai. Ya ce, "To, Isiyaku, yaya ake ciki?"

Na cire hula na sunkuyar masa da kai. Ya matso da ni wajen haske, ya bi kan da tafin hannu daga goshi har ƙeya, ya juya ni hagu da dama. Yatsansa ya tsaya a bayan kunne.

Ya ce, "Hannun gidanku ne. Amma nan ya yi gaggawa."

Na ce, "Ba gaggawa ba ce. Kuka yake yi."

Sarkin Aska ya mayar mini da hulata da kansa. Ya juya ga mutane ya ce a kira ɗan ƙanina, a gaya masa gidajen amana ne a hannunsa, suna da mai su.

Allah ya jiƙan matanmu, ya raya mana 'ya'yanmu a duk ƙasar da suke.